Kafin A Miƙa Wa Ɗalibin Likita Wuƙar Tiyata, A Koya Masa Sauraro

Ni ba likita ba ne, ko da yake mutanen garinmu na Kiyako, cikin ƙaramar hukumar Birnin Kudu, suna kirana Dokta, har wasu tsofaffi kan tare ni bayan sallar Idi su nuna mini takardar magani ko kumburin ƙafa. A fannin kimiyyar harshe na yi digirina na uku, kuma da shi nake ci a jami'a. Saboda haka mai karatu yana da damar ya tambaya, me ya kai malamin harshe tsoma baki cikin sha'anin horar da likitoci? Wata gwaggota ce ta jawo ni, kuma da labarinta zan fara.

Shekaru uku da suka wuce na ɗauke ta daga Kiyako zuwa wani babban asibiti a wata jiha maƙwabciyarmu, wanda ba zan kama sunansa ba, domin ba tonon silili ya kawo ni wannan fili ba. Tsohuwa ce da ta haura saba'in, ta rame, jini ya yi mata ƙaranci. Ranar farko ta bakina aka yi mata tambayoyi, ni ɗan ƙaninta, namiji, kuma duk abin da ya shafi ƙasan cibiya sai ta ce babu komai. Aka ba ta gado. Kullum da safe babban likita kan zagayo da ayarin ɗalibai, su tsaya a kanta suna ta Turanci, suna ambatonta da lambar gadonta. Can sai ɗaya daga cikinsu, yaro Bahaushe, ya ce, "Mama, ya jiki?" Ita kuma ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ya rubuta, su wuce gado na gaba. Kwana huɗu ana haka, ana ƙara mata jini, ana laluben inda yake tsiyayewa.

A rana ta biyar wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ta kore ni waje, ta ja labule, ta zauna a bakin gado, ta gaishe ta gaisuwa irin ta mutane, ta tambaye ta gida da jikoki da yadda damina ta yi. Ba a yi minti goma ba Gwaggo ta faɗa mata abin da ta yi wata da watanni tana ɓoyewa: jini take gani, alhali ta fi shekara ashirin da daina al'ada. Duk ɗalibin da ya shiga ajin asibiti ya san wannan alama ce da ba a wasa da ita. Daga nan aiki ya miƙe. Aka yi gwaje-gwaje, aka sa ranar tiyata, aka kawo wata takarda da Turanci aka ce ta dangwala yatsa. Da dare ya yi sai ta kira ni, ta ce, "Ɗan nan, me na dangwala wa hannu ɗazu?" Ni ne na durƙusa a gabanta, ina haɗa gumi, na gaya mata mahaifarta za a cire. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ai da sun tambaye ni, da na yarda."

An yi aikin, an kuma dace, Allah Ya yi da sauran shan ruwanta a gaba. Likitocin nan sun san aikinsu, kuma ban ga mugunta tare da ko ɗayansu ba. Amma har yau maganar nan tata ba ta bar kunnena ba, domin ta nuna mini wani babban giɓi a yadda muke horar da likitocinmu. Muna kwashe shekara shida muna koya wa yaro jikin ɗan Adam, ƙashi da tsoka da jijiya, amma mai jikin kansa, da harshensa da kunyarsa da tsoronsa da haƙƙinsa, mun bar wa yaron ya tsinto saninsu a hanya, in Allah Ya sa ya tsinta.

Bari in fara da fagen da na fi sani. Duk wanda aka haifa a ƙasar Hausa ya san cewa "da sauƙi" amsar gaisuwa ce. Mutum yana gargarar mutuwa, in ka ce masa yaya jiki, da sauƙi zai ce maka, domin ladabi da tawakkali sun hana shi kai ƙarar Ubangijinsa wajen bawa. Yaron da ya tambayi Gwaggo ya san haka sarai a gidansu, amma da ya sa farar riga sai ya ɗauki amsar gaisuwa a matsayin rahoton jinya. Haka nan kalmomin cuta da yawa suke da baki biyu. "Ciki" na iya zama tumbi, ya zama mara, ya zama juna biyu. Macen da ta ce "sanyi" ke damunta, sau da yawa ba ɗari take nufi ba, cutar al'aura take sakayawa. "Basir" a bakin mutanenmu buhu ne da ake zuba cututtuka iri-iri a ciki, daga kumburin dubura har zuwa raunin mazakuta, kuma akwai masu ciwon daji na hanji da kan daɗe suna shan jiƙo da sunan basir. "Ba na salla" bayani ne game da al'ada. "Shawara" kuwa, wadda muke nema wajen likita, ita ce kuma sunan ciwon da ke mayar da ido rawaya. Yarinya mai cikin fari ba za ta buɗe baki gaban surukarta ba, uwa kuma ba za ta ambaci sunan ɗanta na fari ba ko da magatakarda ya daka mata tsawa. Bafulatanin da ya taso cikin tarbiyyar dauriya zai iya zama a kan benci da ciwon da zai sa wani birgima, fuskarsa ba ta nuna komai ba. A yankinmu na Birnin Kudu da Gwaram akwai Hausawa, akwai Fulani, akwai kuma Warjawa ta wajen iyakar Bauchi, kowa da yadda yake faɗin ciwo da yadda yake ɓoye shi.

Kada a ɗauka wannan zancen ƙawa ne na malaman harshe. A shekarar 1980, a jihar Fulorida ta Amurka, an kai wani saurayi ɗan shekara 18 asibiti a sume. Danginsa masu magana da Sifaniyanci suka yi amfani da wata kalma da ke nufin ya ci wani abu da ya ɓata masa ciki, aka fahimce ta da ma'anar ya bugu da ƙwaya. Aka yi ta maganin maye, alhali jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa. Kafin a farga ya shanye hannu da ƙafa, kuma diyyar da aka daidaita a kanta ta kai dala miliyan 71. Kalma ɗaya ce ta jawo haka. A 1984 kuma wasu masu bincike biyu a can Amurka, Beckman da Frankel, suka naɗi hirar likitoci da marasa lafiya, suka tarar cewa a matsakaicin lissafi daƙiƙa 18 kacal likita ke bari kafin ya katse majinyaci. To, idan haka abin yake a inda likita da majinyaci ke magana da harshe ɗaya, ina ga wurin da aka yi karatu da Turanci, ake jinya da Hausa, ta bakin ɗan rakiya?

Sanin al'ada ma ilimin likitanci ne. A shekarun 1970, likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun yi nazarin ciwon zuciyar da ke yawan kama mata bayan haihuwa a ƙasar Zazzau. Ba su gane bakin zaren ba sai da suka dubi abin da maijego ke yi a cikin gida: wankan jego da tafasasshen ruwa, kwanciya a kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa mai yawa. Likitan da bai san me ake yi a ɗakin maijego ba, ba zai yi tambayar ba. Wanda ya sani amma ya raina, zai yi ta cikin izgili, a rufe masa ƙofa. Haka kuma Lewis Wall, wanda ya zauna a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi ya rubuta littafi a kan magani da jinya a wurin Hausawa, aka buga a 1988, daga fannin nazarin al'adu ya fito kafin ya zama likitan mata da ya yi suna wajen yaƙi da yoyon fitsari. Baƙi sun zo sun koyi yadda muke kallon cuta, 'ya'yanmu kuwa suna fita daga makarantar likita ba tare da an taɓa zaunar da su a kan wannan ba.

Sai batun amana, wanda ya fi komai nauyi. Mu a Arewa ba sai an ba mu labarin abin da ke faruwa idan aka yi sakaci da ɗa'ar aikin likita ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya yi ɓarnar, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da yawa suka ce ba wanda ya fahimtar da su cewa gwaji ake yi. A 2009 kamfanin ya daidaita da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da amsa laifi ba. Amma akwai hasarar da kuɗi ba su biya ba. Lokacin da aka dakatar da allurar rigakafin shan-inna a Kano a 2003, ba a dawo da ita ba sai a 2004, labarin Trovan na cikin hujjojin da mutane ke kawowa a majalisu da masallatai, kuma cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta kuɓuta daga ƙwayar shan-inna ta daji. Amanar da aka zubar cikin 'yan makonni, shekaru aka kwashe ana kwasarta. Ina ganin bai kamata a yaye likita ko ɗaya a Arewa ba, sai ya zauna ya yi nazarin wannan lamari ciki da waje, ya kuma amsa tambaya a kansa a jarrabawa.

Wani zai ce ai akwai dokoki. Gaskiya ne akwai. Majalisar da ke kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta Nijeriya tana da kundin ɗa'ar aiki. Sabon likita yana yin rantsuwar da ta samo asali daga sanarwar Janeba ta 1948. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyin sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da haɗarin kowace, da 'yancinsa na ƙin amincewa, kuma ta ce a yi bayanin, iyakar iyawa, da harshen da yake ji, tare da la'akari da zurfin karatunsa. A 2018 an ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin majinyata. Ashe abin da Gwaggo ta nema a daren nan, doka ta riga ta ba ta shi. Sai dai doka ba ta koya wa mutum yadda zai gaya wa tsohuwa cewa za a cire mata mahaifa, ko yadda zai sanar da uba cewa ɗansa ya cika. Wannan sana'a ce, kuma sana'a koyonta ake yi wajen gwani, a maimaita, a yi kuskure, a gyara.

Ba kuma baƙon abu nake kira a shigo da shi ba. Tun ƙarni na 9, Ishaƙ bin Ali al-Ruhawi ya wallafa littafi sukutum a kan ladubban likita, mai suna Adabuɗ Ɗabib. A shekarar 931 Halifa al-Muƙtadir ya sa aka yi wa likitocin Bagadaza jarrabawa a hannun Sinan bin Sabit, bayan wani majinyaci ya rasu ta dalilin kuskuren mai magani. A nan gida, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin magani. A wurin magabatan nan, likitanci da adabi da fiƙihu a zaure ɗaya ake karanta su. Turawa ma da suka raba su sun dawo suna haɗawa: kwalejin likitanci ta Jami'ar Jihar Fensilbeniya ta buɗe sashen ilimin adabi da falsafa da tarihi tun 1967, a Jami'ar Kolombiya ta birnin New York kuma Dokta Rita Charon ta kafa shirin koyar da likitoci sauraron labarin majinyaci a shekarar 2000.

Na san abin da abokaina likitoci za su ce, domin mun sha yin wannan muhawara a ɗakin shan shayi. Za su ce manhaja ta riga ta cika ta batse. Za su ce likita ɗaya ne ke duba layin da ya fita har bakin ƙofa, abokan aikinsa sun tsere Ingila da Saudiyya, albashi bai taka kara ya karya ba, wuta babu, ina ya ga lokacin tambayar jikoki da damina? Za su kuma ce tarbiyya daga gida take, wanda bai samo ta wajen uwarsa ba, lacca ba za ta ba shi ba. Duk akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma wanda ya ga yadda ƙananan likitoci ke kwana a tsaye ba zai yi saurin zarginsu ba. Amma a dubi lissafin Gwaggo. Minti goma na dattijuwar nan sun yi abin da kwana huɗu na gado da ledojin jini da kuɗin gwaji suka kasa yi. Inda ma'aikata suka yi ƙaranci, nan ne aka fi bukatar tambayar da za ta faɗa daidai tun karon farko. Game da tarbiyya kuwa, yaran nan da tarbiyyarsu suke zuwa. A hannunmu suke koyon cewa mutum lambar gado ne, domin abin da ɗalibi ya ga babban likita yana yi a zagayen safe ya fi abin da aka rubuta a allo shiga jikinsa. Idan ana iya koyon rashin kula a makaranta, ana iya koyon kula.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mu ma malaman harshe da adabi muna da namu laifin. Darussan bai-ɗaya da muke koya wa ɗaliban likitanci a shekarun farko, a zauren da ya cika maƙil da ɗaruruwan yara, haddar cin jarrabawa ce kawai, kuma kafin su taɓa majinyaci na farko sun manta da su. Mun yi ta rubuta kundaye a kan karin sauti da ginin jimla, amma ƙalilan ne cikinmu suka taɓa shiga ɗakin jinya da na'urar ɗaukar magana, da izinin masu shi, don su ji yadda Bahaushe ke faɗin ciwonsa. Aikin da ayarin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ya fitar a 2017, na daidaita kalmomin cuta mai karya garkuwar jiki da Ebola cikin Hausa da Ibo da Yarbanci, ya nuna abin da za a iya yi idan masana harshe da likitoci suka zauna a tabarma ɗaya. Ai akwai tazara mai nisa tsakanin ka ce wa mutum garkuwar jikinsa ta yi rauni, da ka bar shi da sunan da 'yan tasha suka laƙaba wa cutar, wai kabari kusa.

Jigawa na da damar da tsofaffin makarantu ba su da ita. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana horar da likitoci, ga asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni, ga Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da kwalejin koyon aikin jinya a Birnin Kudu, ga makarantar kimiyyar lafiya a Jahun. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, makaranta ma tun al'adunta ba su ƙafe ba ake ɗora ta a kan turba. Don haka ga shawarwarina ga shugabannin waɗannan wurare, da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, da majalisar likitoci.

Na farko, a samar da darasin Hausar asibiti, da gwargwadon Fulatanci, a shekarun da ɗalibi ke shiga ɗakin jinya, likita da masanin harshe su koyar da shi tare. Ya zama wajibi ga kowa, har da 'yan asalin harshen, domin iya Hausar kasuwa daban, iya tambayar dattijuwa abin da take jin nauyin faɗa daban. Na biyu, a koyar da ɗa'ar aiki ta hanyar matsalolinmu na gida. Mace na naƙuda, tana bukatar tiyata cikin gaggawa, miji ya tafi cin-rani Legas, surukai sun ce ba za su sa hannu ba, ita kuwa baliga ce mai hankali: me likita zai yi, kuma da wane lafazi? Dangi sun roƙi a ɓoye wa tsoho cewa ciwon daji gare shi, shi kuma yana da wasiyya da basussukan da yake son ya warware: haƙƙin wa za a fifita? Irin waɗannan a zauna a tattauna su da malamin fiƙihu da lauya da ungozoma, a kuma karanta labarai da waƙoƙin da marubutanmu suka yi a kan jinya da talauci da mutuwa. Na uku, idan an tura ɗalibai aikin karkara, a kai su garuruwa irin su Kiyako da ƙauyukan Gwaram, kowane ɗalibi ya bi iyali ɗaya, ya ga nisan da mai ciki ke yi a kan babur kafin ta iso layin da za a yi mata faɗan makara, ya kuma rubuto sunayen cututtuka kamar yadda mutane ke faɗinsu. Na huɗu, a fassara takardun neman amincewa zuwa Hausa, da boko da ajami, a karanta wa wanda bai iya karatu ba, a kuma horar da tafintoci mata da maza, domin a daina sa ɗa ya yi wa uwarsa tafinta a kan al'aurarta. Na biyar, kuma shi ne ginshiƙi, a sa duk wannan cikin jarrabawar ƙarshe da maki mai kayar da mutum. Na shekara fiye da goma ina koyarwa, na kuma san cewa abin da ba ya kayarwa, ɗalibi ba ya karanta shi.

Ban manta ba cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Likitocinmu na cikin mafiya ƙoƙari a wannan ƙasa, kuma waɗanda suka zaɓi zama a garuruwa irin namu, alhali ƙofar fita a buɗe take, sun cancanci addu'a da albashi mai kyau. Kiran da nake yi don a cika musu kayan aiki ne. Kowane ɗayanmu, farfesa ne ko babban sakatare ko ɗan majalisa, watarana zai kwanta a gadon nan, a cire masa babbar riga da hula, ya koma mai jiran wani yaro ya yi masa bayani. Yaron da zai tsaya a kanmu ran nan, yanzu haka yana aji, kuma abin da muka koya masa shi zai yi mana.

Gwaggo tana nan Kiyako, tana kiwon awakinta. Duk lokacin da na je gaishe ta sai ta tambaye ni labarin "yarinyar nan mai hankali", wato dattijuwar da ta ja labule. Sunan likitan da ya yi mata aiki kuwa ba ta sani ba, domin bai taɓa faɗa mata ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi na gaskiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya kuma sa masu iko su ji, amin.